Kuɓewa Bakwai da Akuyar Habuba

Gara in faɗa da bakina tun daga farko, kafin jikokina su riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Akwai akuya a ciki, amma ita ba ta yi komai ba. Saura ƙiris in raba wata tsohuwa da ita, alhali ita kaɗai ce dukiyarta a duniya, saboda tukunyar miya ɗaya da na dafa wadda ko ciyuwa ba ta yi ba.

A lokacin ban wuce shekara talatin da 'yan kai ba, ina aiki a kasuwar hatsi ta Gadarif. Aikina rubuta alama a jikin buhu da tawada, don kada dawar wannan ta hau motar wancan. Shekara uku na yi a makarantar gwamnati kafin mahaifina ya ce karatun ya isa haka, a zo a kama fartanya. Saboda shekara ukun nan 'yan dako suka sa mini Afandi, wato ɗan boko ma'aikacin ofis. Su da tsiya suke faɗa, ni kuwa na karɓa hannu biyu. Har ranar Juma'a da ba a aiki, da alƙalami a aljihun jallabiya nake zuwa masallaci.

Bayan ɗakinmu akwai ɗan filin da mai ɗakina take shukawa da damina, abin da a nan muke ce wa jubraka. Bai fi shimfiɗar tabarma goma ba. Amma in ruwa ya zauna, baƙar ƙasar nan tamu ta rufe tsagunanta ta koma lakar da ke ƙwace wa mutum takalmi, to wata uku ba ruwanmu da mai kayan miya. Da safe ta tsinko lalo. Da rana ta yi kwaɗon rama da sabon man riɗi. Da yamma masara na kan garwashi. In kabewa ta nuna sai ta dafa ta, ta murje, ta kwaɓa da garin dawa da ɗan sukari ta toya a tanda, yara na tsaye a kanta ba sa jiran ta huce. Ƙananan gurjin nan masu zane da ake ce wa tibish kuwa, yanka su take yi da gishiri da barkono da lemun tsami. Ni nawa aikin a cikin duk wannan shi ne in wanke hannu, in ci, in ba da shawara.

Abin da ta fi ji da shi a jubrakar kuɓewa ce. Ba irin doguwar nan ta kasuwa ba. Gajera ce mai kauri, jaja-jaja, yauƙinta in ka ɗaga loma sai ka nemi inda za ka katse shi. Kakarta ce ta taho da irin daga yamma, ƙulle a bakin zane, lokacin da suka fito a ƙasa za su Makka. Suka yada zango a nan wai su yi noman shekara ɗaya su wuce, noman da har yau jikokinsu ba su gama ba. Daga kaka irin ya koma hannun uwa, daga uwa ya zo hannun mai ɗakina. Shekarar da ta gabata ruwa ya kwanta a jubrakar ya kashe kusan duka, 'yan ƙwayoyin da ta tsira da su ta shuke su gaba ɗaya a wannan daminar, ba ta rage ko ɗaya a gora ba. Duk wannan na sani, na sha ji. Ina faɗa ne don kada wani ya tausaya mini ya ce rashin sani ne.

Dangar kara ce ta raba gidanmu da na wata tsohuwa da kowa ke kira Habuba, wato kaka. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta ba wanda ya rayu, danginta sun watsu can wajen Gallabat. Abin da take da shi ɗaki ɗaya, gadon igiya ɗaya, da farar akuya mai baƙin kunne wadda take tatsa ta yi shayin safe. Wasan jika take yi da ni, angonta take kirana. In na fito da safe sai in ji ta ta bayan danga:

“Ango, yau ma wucewa za ka yi ba ka leƙo amaryarka ba? Zan kai ƙara wajen alƙali.”

Ni kuma in ce mata sai ta sa sababbin haƙora tukuna. Kwano kuwa kullum cikin tsallake dangar nan yake. Daga namu ɓangaren miya, daga nata ɓangaren madara ko ɗan gasasshen riɗi na yara.

Wajen ƙarshen damina aka aiko daga Showak cewa ƙanwar mai ɗakina ta haihu. Ta shirya ita da yaran biyu, za ta yi mako biyu. Da safen da za ta hau lori ta tsaya a kaina tana yi mini bayani, ni kuma ina ta murɗa rediyo ina neman tasha. Na ji ta ce in riƙa tsinke ƙananan kuɓewa ina miƙa wa Habuba ta yanka ta shanya, su ne waikar da za mu ci da rani. Na ji ta ambaci ƙyalle. Abin da ta ce game da ƙyallen, rediyo ya cinye.

“Malam, ka dai ji ni ko?”

“Haba, wa kike yi wa bayani? Ni da nake kula da buhunan kasuwa guda, kuɓewa ce za ta gagare ni?”

Ta dube ni, ta gyara tob ɗinta, wato mayafinta, a kafaɗa, ta ce Allah ya sa.

Da na yi shiru na ci gaba da cin kwanon da Habuba take miƙo mini, da ba labari. Amma wata rana wajen mai shayi a kasuwa, wani direban tarakta sa'ana ya ce su da suke kwana a gona wata da watanni su ne maza, mai mata ko ruwan zafi bai iya dafawa ba. Na ajiye kofi na ce masa ni na koya wa mai ɗakina miyar kuɓewa. Wallahi haka na ce, a gaban mutane. Na gayyace shi ranar Juma'a bayan an sauko, shi da wani dattijo mai ɗinkin buhu da muke ce wa Baba, don ya zama shaida.

Ranar Juma'a da hantsi na shiga jubraka da wuƙa. Na ga ƙanana kamar ɗan yatsa, na raina su. Baƙi za a dafa wa 'yan mitsi-mitsi? Sai idona ya faɗa kan wasu manya, kowace ta kai tsawon tafin hannuna, kuma kowace an ɗaura mata ƙyalle a wuya. Na ƙirga, bakwai. Na tsaya na yi nazari irin na wanda ya yi makaranta. A kasuwa, buhun da aka yi wa alama shi ne wanda mai shi ya zaɓa ya ware. To a gida wa ake ware wa abu mai kyau? Maigida. Har na ji mai ɗakina ta burge ni, na ce ka ga mace mai tunani, tana Showak amma ta bar wa mijinta rabonsa. Na yanke su duka bakwai, na kunce ƙyallayen na rataye a jikin rumfa, don ni ba na son ɓarna.

Da na zo yankawa wuƙa ta ƙi shiga. Na ce laifin wuƙa ne, na wasa ta a bakin randa. Ta sake ƙi. Sai na zuba su a turmi na kirɓa. Na sa busasshen nama, na sa daddawa, na sa tumatir, na jefa kanwa. Na ga ba yauƙi, na ƙara kanwa. Na kama maburgi na burga har gumi ya jiƙa mini riga. Abin da na samu shi ne ruwa mai duhu, da wasu zaruruwa suna yawo a ciki. Na ce in ta huce za ta haɗe. Na karɓo kisra, faifan wainar dawar nan mara kauri, wajen mai tuyar bakin hanya, na yi wanka, na tafi masallaci da alƙalamina.

Muka zauna a rumfa mu uku. Direba ya gutsuri kisra ya tsoma, ya kai baki. Ya yi ta tauna yana kallon sama. Can ya sa yatsa biyu ya zaro wani dogon zare daga bakinsa, ya miƙa wa dattijon.

“Baba, ajiye wannan, gobe ka ɗinke buhu biyu da shi.”

Baba bai yi dariya ba. Rumfa yake kallo.

“Afandi, waɗancan ƙyallayen daga ina?”

Na gaya masa, har da bayanin alamar buhu, don a ganina hujja ce mai ƙarfi. Ya ajiye lomarsa. Ya ce mata suna ɗaura ƙyalle ne a kan kuɓewar da suka bari ta bushe a jikin uwarta don iri, saboda kada mai tsinka ya taɓa ta. Ya ce jikarsa 'yar shekara huɗu ta san wannan.

“Guda nawa ta ɗaure?”

“Bakwai.”

“Nawa ka yanka?”

Na dubi tukunya. Ya wanke hannunsa, ya ce Allah ya kyauta, suka ci kisrarsu da gishiri da tibish suka tafi.

To a nan ne labarin ya daina ba da dariya, ko da yake jikokina nan suka fi yin dariyar. Kwana biyu ina juya abin. In ce mata ban ji ba? Ta tambaye ni na ce wa take yi wa bayani. In ce na ji na manta? Direba ya riga ya baza labarin zare a kasuwa. Ina zaune sai na ji akuyar Habuba ta yi kuka ta bayan danga, sai wata dabara ta zo mini, na kuma yi murna da ita kamar na tsinci abu.

Bayan azahar, lokacin da rana ta kwantar da unguwa kowa yana barci, na tsuguna na ɓula dangar daga ƙasa daidai wucewar akuya. Na bi kuɓewar nan tushe-tushe ina karyawa, ina zage ganye, ina tattakawa, har 'yan ƙananan da furen da suka rage. Na fita lungu na tsinto kashin awaki a cikin hulata, na zo na watsa. Sannan na ɗauko ƙyallayen na zubar a wurin. Na ga sun yi tsabta da yawa, sai na ɗauki ɗaya na tauna shi da haƙorana. Magidanci, mai 'ya'ya biyu, mai alƙalami a aljihu, yana tsugune yana taunar tsumma don a ce akuya ce. In akwai wanda ya fi wannan faɗuwa a Gadarif a shekarar, ban ji labarinsa ba.

Da mai ɗakina ta dawo, ko tob ba ta cire ba ta zagaya bayan ɗaki. Na bi ta ina magana da ƙarfi, yadda za a ji ta bayan danga.

“Kin ga aikin akuyar nan ko? Na dawo daga kasuwa na tarar da haka. Na sha faɗa a riƙa ɗaure ta.”

Ta tsuguna ta ɗauki karan kuɓewa ɗaya, ta duba inda ɗan ya fita, ta shafa wurin da babban yatsa. Ta daɗe a haka. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar kwano bai sake tsallake danga daga namu ɓangaren ba. Na ce a raina fushi take yi da Habuba, na sha.

Kwana biyu bayan haka Habuba ta zo. Ba ta kira ta kan danga ba kamar kullum, ta ƙofar gida ta zagayo, ta cire takalmanta tun daga waje. Tsohuwar da a haife ta isa ta haifi uwar mai ɗakina, ta zo ta durƙusa a gabanta a kan ƙasa. Ta gaishe ni da “maigida”. Tun da na san ta ba ta taɓa kirana haka ba.

“'Yata, na zo neman gafara. Kuɓewar nan na san ta tun a hannun uwarki. Miyarta muka ci ranar sunanki. Ni ce ban ɗaure dabbata ba.”

“Habuba, don Allah ki tashi. Ba komai.”

“Da komai. Tun da na ji ban iya kallonta ba. Gobe a kai ta zariba, kasuwar dabbobi, a sayar.”

“Ki bar ta, Habuba. Ki bar ta.” Tana faɗa ne ga tsohuwar, amma ni take kallo. Ni kuwa na duƙufa ina gyara igiyar takalmina.

Habuba ta juyo gare ni. “Maigida, kai ka san kasuwa. Ƙafata ba za ta kai ni ba. Ka taimaka ka kai mini ita.”

Na ce to. Bakina ne ya faɗa, ina ji.

Da safe aka miƙo ƙwarya ta kan danga, madara ce, tatsar ƙarshe, wai a sa wa maigida a shayi tunda zai sha tafiya. Mai ɗakina ta zuba mini ta ajiye a gabana.

“Malam, za ka iya kai ta?”

“Me zai hana?”

“Tambaya na yi.”

Na sha shayin nan. Ban san yadda ya wuce ba, amma na sha.

Zaribar dabbobi tana can ƙarshen gari. Da akuyar ta yi mini gardama a hanya, ta turje, ta ja ni cikin laka, da na ji sanyi, da na samu abin da zan riƙe a kanta. Ina. Bin bayana take yi tiɓis-tiɓis, igiya a sake, in na tsaya ta tsaya ta shinshina gefen jallabiyata. Ta san ni. Ɓawon kabewa nawa na jefa mata ta kan danga.

Muna isa wani dillali ya karɓi igiyar, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya matsa hantsarta, ya ce ta tsufa, ba mai sayenta don kiwo. Ya ɗaga hannu ya yafito wani mahauci da ke zaune a inuwa yana goge wuƙa a cinyarsa. Mahaucin ya taso, ya kama ƙugunta yana auna nama. Sai na hango Habuba a raina, gobe da safe da kofin baƙin shayi, da jibi, da gata, har ƙarshen ranta, tana kuma ganin ita ce mai laifi. Na fizge igiyar.

“Ya zol, bawan Allah, lafiya?” in ji dillali.

Na ce na tuna mai ita ba ta gama shawara ba. Ya ce to in na tuna sunana ma in dawo in gaya masa.

Komawar ta fi zuwan nisa. Na shirya jawabi a hanya, mai gabatarwa da dalilai, na yi ta gyara shi. Da na shiga gida na tarar da su biyun a rumfarmu, Habuba ta kawo waikar da ta shanya mana, mai ɗakina tana zubawa a tulu. Suka ga akuya, suka gan ni. Jawabin ya gudu. Na tsaya da igiya a hannu na faɗi abin yadda yake, tun daga wajen mai shayi har zuwa turmi, har hula, har tsumman da na tauna.

Mai ɗakina ba ta ɗago ba. Ta ce, “Tun ranar da na dawo na sani. Akuya ba ta yanka da wuƙa.”

“To me ya hana ki faɗa?”

“In ce wa Habuba mijina maƙaryaci ne? Kunyarta ce ta hana ni miƙa kwano, ba fushi ba. Jira nake ka faɗa da kanka.” Ta rufe tulun. “Bakwan da ka dafa ba su ne suka ƙona mini rai ba, Malam. Akwai fure a jiki, akwai ƙanana, ƙasa kuma da sauran danshi. Da ka bar su tsaye, da na ɗaura wa wasu ƙyalle sun yi iri.”

Ban san wannan ba sai a lokacin. Ashe miyar ba ta kashe irin kakarta ba, ƙaryar ce ta kashe shi. Daga shekarar doguwar kuɓewar kasuwa muke shukawa, kuma ba a taɓa sa mini ita a gaba ban tuna ba.

Habuba ta tashi a hankali, ta karɓi igiyar daga hannuna, ta shafa kunnen akuyarta, ta duba wuyanta ko igiya ta ci. Ba ta dube ni ba. Shirun ya yi mini nauyi, ni kuma tun ina yaro in shiru ya yi nauyi sai na jefa wani abu a ciki. Na yi 'yar dariya na ce:

“Amarya, a yi haƙuri. Amma fa tsakani da Allah, akuyar nan taki ba waliyyiya ba ce. Ɓarna nawa ta yi a unguwar nan ba a kama ta ba?”

Ta tsaya a bakin ƙofa, ta juyo.

“Ta yi, maigida, ta yi da yawa. Amma duk abin da ta ci a unguwar nan, ban taɓa jin ta ce kai ne ba.”